Kuskuren Gangan

Gordy Lindahl ya sake tsallake iyaka. Marlys Hovland tana wanke kofuna ta hango shi ta tagar kicin yana tura injin yankan ciyawarsa. Ya wuce ɗan dutsen da ya raba filayensu, ya aske layi guda a cikin nasu, sannan ya juya abinsa yana kallon sama kamar bai san ya yi ba. Wancan makon ma haka ya yi, sai dai layin yau ya fi faɗi. A wannan gari na arewacin jihar Minnesota ta Amurka ba mai buɗe baki ya ce maka ciyawarka ta yi tsawo, ko da ta kai gwiwa. Layi ɗaya ake aske maka, in kana da kunya ka gane sauran.

Marlys tana da kunya, lokaci ne ba ta da shi. Tun farkon sanyin bara da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mijinta Delmer a bakin gareji, rayuwarta ta koma tsakanin gado da banɗaki da kwalaben magani. Ɓarinsa na dama ya mutu, a kujera mai taya yake wuni. Wannan duk mai sauƙi ne, don akwai ma'aikaciyar jinya da ke zuwa kowace safiya ta taya ta ɗaga shi. Abin da ke cin ta a rai bakinsa ne. Maganar ba tafiya ta yi ba, rikicewa ta yi. Cokali ya ce taga, ruwa ya ce takalmi, ita kuma da suka yi shekara arba'in da wani abu tare sai ya kira ta Ardis, sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Likita ya ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan iyakar abin da yake ganewa.

'Yarsu Renae, da ke aiki a Minneapolis, ta samo masa ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Ranar Lahadi za ta zo jin amsa, don ba za a riƙe ɗakin har abada ba. Marlys kuwa ba amsa gare ta ba, tambaya gare ta, guda ɗaya tak. Delmer yana nan cikin wannan jikin, ko ya tafi ya bar mata rigarsa? In yana nan, fitar da shi daga gidan da ya kafa wa rufi da hannunsa cin amana ne, kuma ba za ta yi ba. In ba ya nan, to kashe kanta take yi a banza, kamar yadda Renae take faɗa. Ta kalli idonsa har ta gaji. Ido ne dai shuɗi, yana kallonta yadda yake kallon firji.

Ta goge hannu ta fita. Gordy ya kashe injinsa ya ɗaga hula.

"Marlys, barka da hantsi. Ya mutumin nawa?"

"Da sauƙi, Gordy."

"Ni dai tunda injin na hannu, bari in ɗan zagaya miki gaban nan."

"Haba, kar ka wahalar da kanka."

"Wace irin wahala? Yanzu-yanzu ne zan gama."

"Bar shi gaskiya, kai ma ga ka da wannan gwiwar taka."

Har nan ba ta yi kuskure ba. Duk wanda aka haifa a garin ya san ba a karɓar tayi a karon farko, ba a karɓa a na biyu, sai a na uku ake cewa "to, in dai ba takura." Ta riga ta ɗora amsar a kan harshe. Gordy ya buɗe baki zai yi na ukun ke nan, sai matarsa ta leƙo ta ce likitan haƙori yana kan waya. Ya ce yana zuwa, ya tafi, bai dawo ba. Da yamma ta gan shi yana wanke injinsa. Shi a lissafinsa an ƙi tayinsa. Ita kuma ta tsallaka ta ce "Gordy, ka manta da na uku," ai gara ta durƙusa ta cinye ciyawar da baki.

Washegari bayan mai jinya ta tafi, ta turo Delmer bakin gareji ya sha rana, ta ɗaga ƙofar.

Marlys mace ce da ba ta iya ganin abu a rufe ta ƙyale shi. Keken ɗinkinta ta sha warware shi ta mayar, agogon bango ma bai tsira ba, har na'urar gasa burodi ta taɓa leƙa cikinta don kawai ta ga abin da ke sa burodin tsalle. Amma gareji daular Delmer ce. Ba wai ya taɓa hana ta ba, shi Delmer ba ya hani, ɗan tari kawai yake yi, kuma wannan tarin ya tsare ƙofar duk tsawon aurensu. Yau da ta jawo injin ta ɗan saurara ko za ta ji tarin. Ba ta ji ba.

Jan inji ne, fentin duk ya ɓaɓɓare, ya girmi firjinsu. Ta ja igiyar, ta ji ta da tauri, ba abin da ya motsa. Ta tsaya ta ƙare masa kallo. A jikin mariƙin akwai wani siririn ƙarfe da ke lilo, da waya ta fito daga cikinsa. Ta bi wayar da yatsa har gindin injin, ta matse ƙarfen, sai ta ga wani abu ya saki a can ƙasa. Ashe birki ne. Daɗin da ta ji a nan ya ba ta mamaki, don ta manta rabon da ta gano wani abu da kanta wanda ba sunan magani ba. Akwai kuma wani jan maɓallin roba mai laushi, ta danna shi don an yi shi ne a danna. Ta sake jan igiya. Injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Ta ja har kafaɗarta ta fara yi mata magana.

Ta buɗe tanki ta sunsuna. Wannan ba warin fetur ba ne, ya fi kama da tsohon fenti da aka manta a gwangwani. Nan ta tuna. Duk ƙarshen kaka Delmer yakan kunna injin ya bar shi yana ruri har man ya ƙare ƙaf, ita kuma tana mita daga kicin cewa ɓarna ce. Ranar da ya faɗi, abin da ya fito yi ke nan. Wato man ya kwana a ciki duk tsawon sanyi ya lalace. To amma me ya sa lalataccen mai zai hana inji tashi? Ta ina yake bi? Ta ga ya kamata ta leƙa ƙasan abin. Ta kama mariƙi ta fara kwantar da shi ta gefen da ya fi mata sauƙi.

"Ba ta nan ba, Marlys. Kafireta sama. Za ki cika matatar iska da baƙin mai."

Muryarsa ce, har da ɗan tarin a farko. Ba gargada, ba lalube, sumul kamar bai taɓa kwanciya asibiti ba. Marlys ta tsaya riƙe da injin a karkace, tana tsoron juyawa, don gani take in ta motsa abin zai gudu. A hankali ta sauke shi kan tayoyinsa, ta juyo.

"Me ka ce, Del?"

Ya dube ta. Leɓensa ya yi ta kokawa.

"Taga," ya ce. "Taga, Ardis."

Da yamma ta kira Renae. Tana riƙe da waya a kafaɗa, tana yanka wa Delmer nama ƙanana a faranti, ta ba ta labari har da tarin.

"Mama, ai sun gaya mana wannan," in ji Renae. Daga ji tana tuƙi ne. "Mai koyar da maganar nan ta ce akwai kalmomin da baki ya saba da su, su kan fito da kansu. Wani zagi ne ke fito masa, wani waƙar coci. Kamar likita ya buga miki 'yar guduma a gwiwa ƙafa ta yi tsalle, ai ba ke kika sa ta ba."

"Sunana fa ya kira."

"Shekara nawa ya yi yana cewa 'ba haka ba, Marlys'? Ni da wannan maganar na buɗe ido. Har na ɗauka cikakken sunanki ke nan."

Marlys ta yi dariya ba don ta so ba. Yarinyar ta gaji bakin ubanta.

"Ni dai kar ki ɗora ranki a kai," in ji Renae, muryarta ta yi laushi. "Ba na so ki faɗo daga sama. Sai Lahadi."

To, gwiwa ce ko Delmer ne? Marlys ba ta ga dalilin da zai sa ta zauna tana saƙa da warwara ba, alhali ga inji ga mutum, gwadawa kawai za a yi.

Kashegari ta fara da lalama. Ta ajiye shi a wurin jiya, ta durƙusa gabansa ta ce, "Del, nuna min, wanne ne kafireta?" Ya bi wani tsuntsu da kallo har ya ɓace. Ta tambaya ta wata sigar, ya ce takalmi. Sai ta ƙyale shi ta nemo da kanta. Daga gindin tanki wani baƙin tiyo ya fito, ta bi shi, ya shiga wani ɗan ƙarfe mai kwano a ƙasa, a bayan akwatin da soson tace iska yake. Duk abin da mai da iska suke haɗuwa a cikinsa, shi ne dai. Ta juye ruɓaɓɓen man a tsohuwar jarka, ta kwantar da injin, kwanon yana sama. Ƙasansa ya yi kauri da busasshiyar ciyawar bara, wuƙar yankan kuma ta dakushe, bakinta duk gibi. Ta miƙa hannu za ta juya ta.

"Cire wayar fulogi tukuna. Yatsun ne suka yi miki yawa?"

Wannan karon ba ta juya ba. Ta janye hannun, ta lalubo baƙar wayar da ke gaban injin ta zare. Ta gane yadda abin yake. In ta roƙa ba ta samu, in ta yi daidai ba ta samu. Sai ta nufi yi wa injinsa ɓarna ƙofar bakinsa take buɗewa.

Daga nan Marlys ta zama mace mafi sakarci da ta taɓa riƙe ƙarfe a faɗin jihar. Ta san sarai ba a kama noti da filaya, ko a keken ɗinki ba ta yi, amma ta ɗauko filayar ta ɗaga ta yadda zai gani, ta kai ta kan notin tagulla da ke riƙe da kwanon kafireta.

"Filaya a kan noti? Sifana, rabin inci. Tana rataye a bayanki."

Tana rataye a bayanta kuwa. Da kwanon ya fito sai ta manta da shi na ɗan lokaci, don abin da ta gani ya ɗauke mata hankali. Cikin ya yi wani kore-kore mai danƙo, ga wata 'yar roba mai iyo da ke ɗaga wata allura ta toshe hanyar mai in kwanon ya cika, dabara iri ɗaya da ta tankin banɗaki. Ta juya notin a tafin hannunta, sai ta ga ashe ba noti ba ne kawai. Akwai wani ɗan rami a jikinsa, danƙon ya toshe shi ruf. Ta ɗauko ƙaramar ƙusa. Wannan kuskuren na gaske ne, ba ta shirya shi ba.

"Ƙusa za ta buɗa ramin. Siririyar waya."

Ta shiga kicin ta kwance igiyar da ake ɗaure ledar burodi da ita, ta ɓare takardar, ga waya siririya kamar gashi. Ta zura ta a hankali, ta wanke notin da sabon fetur, ta ɗaga shi sama ta runtse ido ɗaya. Ga ɗigon sararin sama ta cikin ramin. Ta daɗe tana kallo. Wato duk wannan rurin da ke tayar da unguwa ranar Asabar, ta wannan 'yar kafar yake cin abinci, wadda ko zaren ɗinkinta sai da dabara zai shiga.

Wani abu kuma ya hana ta sakat. Kwanon yana ƙasa, injin yana sama, ba famfo, to wa ke ɗaga man? Da wannan ta dafa miya, da shi ta ninke kaya. Sai da tana wanke tukunya ta tuna kwalbar turaren mahaifiyarta mai robar matsawa. Iska ce ke wucewa da gudu ta bakin bututu, ta janyo turaren daga ƙasa. Ta fito da kumfa a hannu ta zayyana wa Delmer wannan bayani tiryan-tiryan, tana jiran ko a yaba ko a kushe. Ya ce taga.

Haka suka cinye makon. Ta wanke soson iska da sabulun kwanuka ta nufi mayar da shi a jiƙe, aka yi mata faɗa. Ta kankare bakin fulogi, ta yi kamar za ta ɗaure shi da dukkan ƙarfinta, aka ce ba murfin kwalbar tumatir ba ne. Ta kwance wuƙar ta wasa gefe guda da magagari ta bar ɗayan, sai aka sa ta rataya ta a ƙusar bango ta ramin tsakiya, ta ga da idonta yadda gefe mai nauyi ya sunkuya. Wannan ya burge ta har ta sake ratayawa don kallo kawai.

Sai dai akwai matsala biyu. Ta farko, ta fara iyawa. Hannunta ya fara zuwa wurin da ya dace kafin ta tuna cewa sakarci ya kamata ta yi, kuma kurakuran da suka rage mata ba su da yawa. Ta biyu ta fi ciwo. Duk abin da ta samu faɗa ne, kuma duk a kan inji. Da ta tambaye shi ko ƙafarsa na ciwo, shiru. Da ta zauna a kan jarka ranar Juma'a ta yi kuka a gabansa, kuka na gaske mai majina, kallon tsuntsaye ya yi. Ta ji haushinsa, ta ji kunyar jin haushin, ta kuma ji kunyar yadda take tsokanar marar lafiya don ya yi mata tsawa ta ji daɗi. Watakila Renae ce da gaskiya. Watakila tsohon faifai ne kawai take ɗora wa allura, mai waƙar ya daɗe da barin ɗakin.

Duk da haka ta ajiye kuskure guda don Lahadi. Ranar Asabar ta tsiyaye tsohon baƙin mai, ta zuba sabon fetur, ta bar zuba sabon baƙin man sai Renae ta zo. Ko ba komai yarinyar ta ji muryar ubanta da kunnenta.

Renae ta iso bayan an taso daga coci, da kwanon gasasshen dankali da nama a hannu. Marlys ta hango kwalaye a ninke a kujerar bayan motar, ta yi kamar ba ta gani ba. Renae ta sumbaci uban a ka, ta ce "Baba, ka yi kyau," da irin muryar da ake yi wa jarirai, sannan ta juya ga uwarta.

"Mama, me ya sami farcenki?"

"Zo ki tsaya nan. Kar ki ce komai, kallo kawai."

Ta turo injin kan ciyawa, daidai gaban kujerarsa. Ta san awon man, sandar da ake tsomawa a auna shi tana da zane biyu, kuma tun jiya ta gane na sama shi ne iyaka. Ta ɗauko robar baƙin man ta zuba a hankali, ta tsoma sandar, ta ciro ta duba. Daidai kan zanen. Ta goge ta a tsumma, ta ce da ƙarfi, "Ina ga bai cika ba," ta sake karkata robar.

Shiru.

Ta ƙara. Ta saci kallonsa. Yana kallon filin Gordy, inda Gordy ɗin ke zaune a kujerar lambu da jarida da kofin gahawa. Bakin Delmer a sake, idon nan shuɗi ba komai a ciki.

"Del, ka gani? Baƙin mai nake zubawa."

"Mama," in ji Renae.

"Jira. Del, juyewa zan yi duka fa. Duka robar."

"Mama, ya isa haka. Don Allah."

Ta juye har ɗigon ƙarshe. Ba tari, ba faɗa, ba ko taga. Renae ta kawar da kai tana share ido, kuma wannan tausayin shi ya fi komai ƙona wa Marlys rai. Ashe faifan ma ya ƙare. Ta murɗa murfin, ta mayar da wayar fulogi, ta danna jan maɓallin, ta matse birki, ta fizgi igiyar da irin ƙarfin da mutum ke yi in yana neman abin da zai huce a kansa.

Ja ɗaya injin ya tashi. Ya tashi da ruri mai kyau, sumul, irin wanda bai yi ba tun yana sabo, kuma da a ce labarin ya tsaya nan da Marlys ta yi alfahari. Amma man da ta ɗura masa ya rasa wurin zama, ya bi ya shiga inda wuta take. Farin hayaƙi ya fara fitowa, da fari kaɗan, sannan ya turnuƙe. Ya rufe ta, ya rufe Renae, iska ta kwashe shi ta tsallake iyaka da shi ta lulluɓe Gordy da jaridarsa. Daga cikin hayaƙin aka ji shi yana tari yana cewa, "Ba komai, Marlys, ba komai, ci gaba abinki."

Ta saki birkin, injin ya mutu. A cikin shirun ta ji wani sauti daga wajen kujerar, kamar mai shaƙewa. Ta ruga tana kore hayaƙi da hannu.

Dariya yake yi. Rabin fuskarsa mai rai ya tattare gaba ɗaya, kafaɗarsa ta hagu tana rawa, hawaye na bin kuncinsa, yana bubbuga hannun kujera. Ya ɗaga yatsa ya nuna ta. Bakinsa ya fara aiki, kuma wannan ba sumul ɗin muryar gareji ba ce. Wannan jawo ta yake yi daga nesa, gaɓa-gaɓa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Da... gan... gan."



"Kin... iya," ya ce. Ya huta, ya sake ɗauka. "Ƙar... ya... kike."

Ta zauna daɓas a kan ciyawar. Ya ga lokacin da ta duba sandar. Ya ga ta ga zanen. Ya gane wasan da take yi masa, wa ya san tun yaushe, sai ya kame bakinsa ya sake fuska ya bar ta ta sha hayaƙinta a gaban 'yarta da maƙwabci. Gwiwa ba ta yin haka. Wannan mugunta ce ta mutum mai hankali, kuma ta san mai ita, shi ne wanda ya taɓa barin ta ta yi tuƙin awa guda ta hanyar da ba ita ba don ta ce masa kar ya sa mata baki. Farin cikin da ya taso mata har tsoro ya ba ta.

Ba a daɗe ba wani abu mai sanyi ya biyo bayan farin cikin. In ya ga wannan, to ya ga sauran. Duk maganar da aka yi ta saman kansa tun sanyi, ita da likita, ita da mai jinya, ita da Renae a waya tana yanka masa nama, ana auna ko ya rage ko ya ƙare, ana maganar ɗaki da ranar ɗauka, yana zaune a tsakiya.

"Del," ta ce a hankali. "Duk ka ji?"

Dariyar ta tsaya. Ya lumshe ido ya buɗe, ya ci gaba da kallonta. Ba ta ga fushi a ciki ba, kuma da ta gani da ya fi mata sauƙi.

Renae tana tsaye ta toshe baki da hannu. Da ƙyar ta ce, "Mama, to yanzu me za mu ce wa masu gidan tsofaffin?"

"Ni kike tambaya? Ga mai gidan nan a zaune. Tambaye shi."

Renae ta zo ta durƙusa a gaban kujerar, wandonta mai kyau a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ta fara da muryar jarirai, ta ji kanta, ta tsaya, ta sake farawa da muryarta ta gaske. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce ɗakin yana da kyau, yana kusa da ita, za ta riƙa zuwa kullum. Ta ce Mama ta rame, bayanta na ciwo, kuma shi ma yana gani. Ta ce in ya zauna sai an ƙara mai jinya da yamma ko Mama ta so ko ta ƙi.

"Amma kai za ka faɗa, Baba. Can, ko nan?"

Ya daɗe. Leɓensa ya motsa, abin da ya fito shi ne "kifi." Ya daki hannun kujerar da haushi. Marlys ta ji kalmar tana yi mata ƙaiƙayi a baki, ta cije leɓe ta riƙe ta, don ba tata ba ce. Ya ja numfashi, ya dubi gidan, ya dubi matarsa da ke zaune a ƙasa da baƙin farce, ya sake gwadawa.

"Nan."

Renae ta kifa goshi a kan gwiwarsa. Ya ɗora mata hannunsa mai rai a ka, amma idonsa yana kan Marlys, kuma daga gani bai gama ba. Ya nuna injin da haɓa.

"Rage... man."

"Na sani, tsoho," in ji Marlys.

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga gareji neman kwanon tsiyaya. Yana nan a gabanta a kan benci, amma sai da ta goge ido da bayan hannu kafin ta gan shi.